Kabiru Rurum da kujerar kakakin majalisar Kano: amsa ga mai tambaya

Wani ɗalibin kimiyyar siyasa ya aiko da tambaya a kan Kabiru Alhassan Rurum, tsohon kakakin majalisar dokokin jihar Kano. Ya ce ya ji mutumin ya sauka daga kujerar bisa zargin cin hanci, ya dawo ya sake hawa, a hannunsa aka raba masarautar Kano, daga baya kuma ya yi ta sauya sheƙa. Yana so ya san yadda abubuwan suka faru, kuma shin gwanin siyasa ne ko ɗan amshin shatan gwamna.

Ɗan'uwa, amsata a taƙaice ita ce: kusan duk rigimar da sunan Rurum ya fito a ciki rigimar gwamna ce da aka biyo da ita ta zauren majalisa. Guda ɗaya ce tak zan iya cewa tasa ce ta ƙashin kansa, wato maganar Rano. Amma kafin mu kai can sai ka fahimci irin kujerar da ya zauna a kai.

Sashe na 91 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce majalisar jiha ba za ta gaza kujeru 24 ba, ba kuma za ta wuce 40 ba. Kano ta cike arba'in ɗin, alhali ƙananan hukumominta 44 ne, shi ya sa wasu mazaɓun suka haɗa ƙananan hukumomi biyu. Sashe na 92 kuma ya ce ana tsige kakaki da ƙuri'ar kashi biyu bisa uku na 'yan majalisar. A Kano mutum 27 ke nan. Ba ruwan kotu, ba ruwan kwamitin mutum bakwai da babban jojin jiha ke naɗawa idan gwamna za a tsige, ba ma sai an tabbatar da wani laifi ba. Takarda ce ake zagayawa da ita da daddare, daga gidan wannan zuwa ɗakin otal ɗin wancan, kowa ya rattaba hannu kusa da sunan mazaɓarsa. Idan ta cika, da safe a shiga zaure, a ɗora sandar majalisa a kan tebur, wani ya miƙe ya karanta, wani ya mara masa baya, kafin azahar an rantsar da sabo. Kakakin da bai iya ƙirga abokan aikinsa kullum ba, ba ya daɗewa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke juya hannayen da ke sa hannun. Shekara da shekaru kuɗin gudanar da majalisun jihohi, motocin 'yan majalisa, alawus ɗinsu da ayyukan mazaɓu, duk ta teburin gwamna suke bi. A gyaran tsarin mulki na 2010 an miƙa wa majalisun jihohi damar cin gashin kansu a harkar kuɗi, su da kansu suka kasa ba abin ƙuri'un da yake buƙata. Sai a 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran da ya ba su wannan 'yanci, gwamnoni kuma suka yi ta jan ƙafa. Ya fitar da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 10 a 2020 don tilasta musu, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a 2022. Ka haɗa wannan da abin da ɗan majalisar jiha ke tararwa a ƙofar gidansa tun bayan asuba: mai takardar asibiti, mai kuɗin jarrabawar ɗa, mai ɗaurin aure, shugaban jam'iyya na mazaɓa da babur ɗinsa ya lalace. Duk wanda gwamnati ta rufe wa famfo wata uku, mutanensa ne za su fara zaginsa. Wannan ba uzuri ba ne ga kowa, amma in ka cire shi daga lissafi ba za ka gane komai ba.

Rurum, mai wakiltar Rano a jam'iyyar APC, ya zama kakaki a watan Yunin 2015, farkon mulkin Abdullahi Umar Ganduje. A lokacin duk 'yan gida ɗaya ne, jar hula a kan kowa. A 2016 aka ɓata tsakanin Ganduje da ubangidansa, tsohon gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, majalisa ta dare, mafi yawa suka bi gwamna, kakaki a gabansu. Wannan bai ba kowa mamaki ba.

Rigima ta farko mai nauyi ta zo a 2017. A watan Afrilu Sarki Muhammadu Sanusi II ya yi jawabi a taron zuba jari na Kaduna, ya soki shirin ciwo bashi daga Sin don gina jirgin ƙasa na cikin birnin Kano, ya kuma caccaki shugabannin Arewa a kan ilimi da lafiya. Ba a jima ba hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha, ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimingado, ta buɗe bincike a kan kuɗin masarauta. A watan Mayu majalisa ta kafa nata kwamitin na mutum takwas. Cikin tuhume-tuhumen har da tsoma baki a siyasa, da kashe kuɗin masarauta, da tura 'yarsa ta wakilce shi a wani taro a Abuja. Kowa a Kano ya san inda aka dosa. Sai manya suka shiga tsakani: muƙaddashin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo, Sarkin Musulmi, Janar Babangida, Janar Abdulsalami, Aliko Dangote, Alhaji Aminu Ɗantata. Gwamna ya rubuto wa majalisa wasiƙa yana roƙon a dakata, aka karanta a zaure, aka dakata.

Ka lura da wannan da kyau, domin shi ne hoton majalisar gaba ɗaya. Binciken bai mutu don kwamiti ya duba ya ga babu hujja ba. Wasiƙar gwamna ce ta kashe shi. Majalisar da ke rufe bincike da wasiƙar gwamna ta gaya wa duniya wanda ya sa ta buɗe shi.

Daga nan ne zargin ya fito, cewa kakaki ya karɓi naira miliyan 100 daga Dangote don a binne maganar. Rurum ya musanta, kamfanin Dangote ya musanta. Duk da haka, ranar 3 ga Yulin 2017 ya miƙa takardar murabus, yana cewa don ya kare mutuncinsa ne, a kuma samu damar bincike. Yusuf Abdullahi Ata, mai wakiltar Fagge, ya hau. Zargi ne, kuma a takardarka ta makaranta zargi za ka kira shi, tare da musun ɓangarorin biyu. Abin da ya fi ba ni sha'awa a matsayin mai nazari shi ne zaɓin da ya yi. Wanda aka tsige ya fita da tabo da abokan gaba 27 da suka sa hannu a kansa. Wanda ya sauka da ƙafarsa ya koma kujerar baya a zaure ɗaya, yana shan shayi da mutanen nan, yana sauraron ƙorafinsu a kan sabon kakaki. Rurum ya zaɓi na biyun, kuma wata goma sha uku bai cika ba abin ya biya shi.

Tun watan Mayun 2018 aka fara yunƙurin tsige Ata, har 'yan sanda suka rufe harabar majalisar, gwamna ya shiga ya sasanta. Sulhun bai yi ƙarko ba. Ranar 24 ga Yuli Kwankwaso ya fice daga APC ya koma PDP. Ranar 30 ga Yuli aka tsige Ata, aka mayar da Rurum. 'Yan majalisar sun kawo dalilansu na rashin iya tafiyar da shugabanci da batun kuɗi, amma tazarar kwana shida tsakanin abubuwan biyu ta isa a yi tunani. Gwamnan da ya shiga shekarar zaɓe tsohon ubangidansa na ɗaya gefen yana buƙatar kakakin da ya iya riƙe gida. A shekara takwas na Ganduje kujerar ta tashi daga Rurum zuwa Ata, ta koma Rurum, ta je ga Abdul'aziz Garba Gafasa, shi ma ya yi murabus a Disambar 2020, Hamisu Chidari ya karɓa. Kuma kada ka ɗauka ciwon Kano ne kaɗai. A Legas an tsige Mudashiru Obasa a Janairun 2025, ya dawo a Maris bayan manyan jam'iyya sun sa baki.

Zangonsa na biyu gajere ne, wata goma da ɗoriya, amma a ciki aka yi abubuwa biyu da har yau ake magana a kansu.

Na farko bidiyon dala. A watan Oktoban 2018 jaridar Daily Nigerian ta Ja'afar Ja'afar ta fara sakin hotunan bidiyo da ta ce suna nuna gwamna yana karɓar daloli daga 'yan kwangila. Ganduje ya musanta, gwamnati ta ce haɗawa aka yi. Majalisa ta kafa kwamitin mutum bakwai ƙarƙashin shugaban masu rinjaye Baffa Babba Ɗan'agundi. A nan sai a yi wa majalisar adalci, domin ta yi abin da yawancin majalisun jihohi ba za su kusanta ba: ta yi zama a bainar jama'a, Ja'afar ya zo ya tsaya a kan cewa bidiyon sahihi ne, aka kuma gayyaci gwamna mai ci. Gwamna bai zo ba, ya turo kwamishinan yaɗa labarai Muhammad Garba. Wata ƙungiyar lauyoyi ta garzaya kotu, a Disamba babbar kotun jiha ta yanke cewa binciken laifi aikin 'yan sanda da EFCC da ICPC ne, ba na majalisa ba. Maganar ta tsaya a nan.

A nawa karatun, hukuncin bai rufe dukkan ƙofofi ba. Sashe na 128 ya ba majalisar jiha ikon bincike don bankaɗo cin hanci da almubazzaranci a kuɗin da ita ta ware, sashe na 188 kuma ya ba ta hanyar tuhumar gwamna da babban laifi, hanyar da rigar kariya ba ta toshe ta. Majalisar da ke son kai magana ƙarshe tana da inda za ta bi. Wannan ba ta bi ba, zaɓe saura wata uku, kakakinta na takarar majalisar wakilai a jam'iyyar gwamna. Shugaban kwamitin kuma, bayan zaɓe, shi aka naɗa shugaban KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha. Ban ce ga dalilin naɗin ba. Na dai ajiye maka abubuwan a jere yadda suka faru.

Na biyu shi ne babba, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ganduje ya sha da ƙyar a zaɓen 2019. An ce zaɓen 9 ga Maris bai kammala ba, aka sake a wasu rumfuna ranar 23 ga wata, mazaɓar Gama ta shiga bakin duniya, ya ci da ratar da ba ta kai ƙuri'a dubu tara ba. Mutanen gwamna sun yi imani fadar sarki ta karkata ga abokin hamayyarsa na PDP, Abba Kabir Yusuf. Ranar 6 ga Mayu aka karanta a zauren majalisa wata takardar koke daga wani ofishin lauyoyi mai neman a ƙirƙiro sababbin masarautu. Ranar 8 ga Mayu an gama karatu na uku, gwamna ya sa hannu a ranar. Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye suka zama masarautu masu sarakunan yanka, masarautar da ke da hakimai a ƙananan hukumomi 44 ta koma birni da kewayensa. Kwana uku. A makon nan dai majalisar ta amince da ƙudirin fansho na har abada ga kakaki da mataimakinsa, abin da ya jawo mata zagi daga ko'ina, ana saura 'yan makonni wa'adinta ya ƙare.

Mutanen birni suna ba da labarin nan a matsayin ramuwar gayya kawai, kuma ramuwar tana ciki, ba mai musu. Amma in ka tsaya a nan ba ka fahimci Rurum ba. Rano ɗaya ce daga Hausa Bakwai, sarkinta ake wa kirari da Autan Bawo, kuma mutanenta ba su taɓa jin daɗin ganin sarautarsu a matsayin hakimci ƙarƙashin Kano ba. Abubakar Rimi ya ɗaga darajar Rano da Gaya da Ƙaraye da Dutse da Auyo a 1981, a shekarar da takardar tuhumar da gwamnatinsa ta aika wa Sarki Ado Bayero ta jawo tarzomar da aka kashe Dakta Bala Muhammad a ciki. Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya soke su a 1983. Ga kuma ƙorafin Kano ta Kudu baki ɗaya, wadda tun dawowar mulkin farar hula a 1999 ba ta fitar da gwamna ba, tana kuma ganin manyan asibitoci da gadoji da makarantu duk a birni ake zuba su. Saboda haka ranar da buƙatar gwamna ta zo, ta tarar da tsohuwar buƙatar garin kakaki tana jira. Shi da ke riƙe da sarautar Turakin Rano bai buƙaci a lallashe shi ba. A birni ana kallonsa a matsayin wanda ya buga gudumar da ta tsaga gidan Dabo, wato gidan sarautar Kano, a Rano da Bunkure da Kibiya kuwa wanda ya dawo musu da sandarsu ne, kuma ƙuri'un da suka yi ta ba shi sun nuna hakan.

Inda nake ganin laifinsa shi ne hanyar. Buƙatar Rano tana da hujjar da za ta iya tsayawa a gaban kowa. Da an kira sauraron ra'ayin jama'a, an ji masu naɗa sarki, hakimai, malamai, 'yan kasuwa da mutanen yankunan, an ɗauki wata uku ana muhawara, da dokar ta fito da saiwa. Kakaki ne ke da iko a kan jadawalin zaure, shi ke cewa a tura ƙudiri kwamiti ko a wuce da shi. Ya zaɓi gudu. Ranar 21 ga Nuwambar 2019 Mai shari'a Usman Na'abba ya rushe dokar saboda ba a bi ƙa'ida wajen yin ta ba. Lokacin Rurum ya riga ya tafi Abuja. Sabuwar majalisa ta sake yin dokar a farkon Disamba, wannan karon a matsayin ƙudirin gwamnati, ita ma cikin 'yan kwanaki. Ranar 9 ga Maris 2020 aka tuɓe Sanusi, aka kai shi jihar Nasarawa, Aminu Ado Bayero ya taso daga Bichi ya hau. Ranar 23 ga Mayun 2024 wata majalisar, ƙarƙashin Jibrin Isma'il Falgore, ta soke dokar da irin saurin da aka yi ta, Gwamna Abba ya sa hannu a ranar, ya mayar da Sanusi, Aminu Ado ya sauka a gidan sarki na Nasarawa da ke cikin Kano, shari'a ta ɓarke. Katangar da aka ɗora a jiƙe ce, ruwan farko ya kwantar da ita. A Yulin 2024 aka dawo da Rano da Gaya da Ƙaraye a matsayin masarautu masu daraja ta biyu, ta Rano da ƙananan hukumomi uku kacal: Rano, Bunkure da Kibiya, daidai iyakar mazaɓar Rurum ta tarayya.

Sauye-sauyen sheƙarsa ba sa buƙatar dogon bayani in ka riƙe wannan zaren. Ya ci majalisar wakilai a 2019 a APC. A Mayun 2022, bayan Ganduje ya tsayar da Nasiru Yusuf Gawuna da Murtala Sule Garo takarar gwamna da mataimaki, ɗaya daga Kano ta Tsakiya ɗaya daga ta Arewa, ya fice zuwa NNPP tare da Kawu Sumaila da wasu jiga-jigan Kudu. Wato ya koma inuwar Kwankwason da ya bari a 2016, ya kuma ci zaɓen 2023 a can. Gwamnatin jam'iyyar tasa ce ta rushe masarautar garinsu. A Nuwambar 2024 shi da Aliyu Sani Madakin Gini suka ce sun bar Kwankwasiyya, a daidai lokacin da maganar "Abba tsaya da ƙafarka" ke tashe. A Fabrairun 2025 reshen jam'iyyar na jiha ya dakatar da shi tare da Kawu da Madaki da Abdullahi Sani Rogo, a Mayu kuma aka karanta takardar komawarsa APC a zauren majalisar wakilai. Za ka tambaya ya aka yi bai rasa kujerarsa ba, tunda sashe na 68 (na 109 ga 'yan majalisar jiha) ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya sauka. Sashen ya bar ƙofa ga wanda jam'iyyarsa ta rabu gida biyu, kuma kowane mai sauya sheƙa ta nan yake cewa ya bi. Shugaban zaure ne ke ayyana kujera a matsayin wadda babu kowa a kanta, ba kuma a cika ganin ya yi wa wanda ya shigo jam'iyyarsa haka ba.

To gwani ne ko ɗan amshin shata? Gwani ne a abin da siyasarmu ke sakawa a kai: ƙirga mutane, sanin lokacin sauka, sanin lokacin dawowa, da riƙe gida. Mutumin da ya ci zaɓe a mazaɓa ɗaya a jam'iyyu biyu masu gaba da juna, ƙuri'arsa ba aron gwamna ba ce. Amma aikin da tsarin mulki ya ɗora wa kakaki shi ne ya sa majalisa ta zama wurin da gwamna ke shakkar shiga, kuma a manyan gwaje-gwaje uku, binciken sarki, binciken bidiyo da dokar masarautu, sakamakon ya fito yadda gidan gwamnati ke so. Ɗan amshin shata ba ya samun komai sai abin da aka jefa masa. Shi kuwa ya yi ciniki, ya karɓo wa garinsu masarauta, sai dai takardar cinikin ba ta da ƙwari.

In za ka rubuta a kai, nemi kundin zaman majalisar na 6 zuwa 8 ga Mayun 2019 a ofishin akawun majalisa, ka ajiye shi kusa da na 23 ga Mayun 2024, sannan ka karanta hukuncin Na'abba. Ka kuma bi sawun Yusuf Ata, wanda aka tsige domin Rurum ya dawo: a Oktoban 2024 Shugaba Tinubu ya zaɓe shi ƙaramin ministan gidaje a gurbin Abdullahi Tijjani Gwarzo, daga Mayun 2025 kuma shi da Rurum suka sake zama 'yan jam'iyya ɗaya.